Kafin A Sayi Sabon Inji, A Saurari Kukan Tsohon

 Ina roƙon Malam Edita ya ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu in faɗi albarkacin bakina a kan wani al'amari wanda da yawanmu muke ɗauka na masu ilmin kwamfuta ne kaɗai, alhali kuwa ya shafi aljihun talaka da makomar ɗansa. Al'amarin shi ne yawan durƙushewar shafunan intanet na ofisoshi da makarantu da ƙungiyoyi a ƙasar nan, musamman a ranar da aka fi bukatarsu, da kuma irin maganin da manyanmu suka saba rubuta wa wannan ciwo ba tare da sun taɓa jikin marar lafiyar ba.

Bari in fara da abin da idona ya gani. A hutun damina da ya wuce ina gida Sule Tankarkar, sai ga sanarwa cewa wani ofishi, wanda ba zan kama sunansa ba, ya buɗe shafinsa domin masu neman wani taimako na karatu su cike takarda. Ƙanena ya gama sakandare, kuma ya cika duk sharuɗɗan da aka gindaya. To, amma aikin yana bukatar a ɗauki hoton takardun shaida a loda su, ga shi ba mu da na'urar yin haka, saboda haka sai an je Gumel. Mahaifinmu ya auni gero a cikin ɗan abin da ya rage a rumbu, a lokacin da kowane magidanci yake ƙirga kwanakin da suka rage kafin sabon hatsi, ya sayar, ya ba yaro kuɗin mota da na mai shagon kwamfuta. Yaro ya je ran farko ya wuni yana kallon allo, shafi ya ƙi buɗewa. Ya koma ran na biyu, shafi ya buɗe, ya cike rabi, sai ya mutu. Duk wanda aka tambaya amsarsa ɗaya ce, wai sabis ne babu. Alhali kuwa a kan bencin nan da ake zaune, wayoyin samari suna ta buɗe Facebook da bidiyo ba ko gargada.

A rana ta uku, wadda ita ce ranar rufewa, ƙanena ya kwana a gidan gwaggonmu a Gumel, sai da dare ya raba, jama'a suka yi barci, sa'an nan takardarsa ta shige. Shi ya dace, domin namiji ne kuma yana da inda zai kwana. Amma akwai wata yarinya daga wani ƙauye a wajajen Ɗanzomo, wadda suka yi ta haɗuwa a shagon nan kwana uku, tilas ta bi motar la'asar ta koma gida. Ba ta faɗi jarrabawa ba, ba ta rasa takarda ko ɗaya ba. Abin da ya raba ta da wannan dama wata na'ura ce da ke zaune a wani ɗaki mai sanyi a wani birni mai nisa, wadda aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinta, kuma ba a sami wanda zai leƙa ya ga mene ne ya danne ta ba.

Abin da nake so in tabbatar a wannan maƙala ɗaya ne tak. Idan shafi ya fara nishi, bincike ya kamata ya riga saye. A mafi yawan lokuta ciwon yana warkewa da ido da kunne da haƙurin mutum ɗaya wanda ya san aikinsa, kuma duk ma'aikacin da ya rubuta takardar neman kuɗin sabuwar na'ura tun bai binciki tsohuwar ba, to, ya ci amanar dukiyar jama'a, ko da bai sa kwabo a aljihunsa ba.

Yadda shafi yake aiki

Domin mai karatun da fanninsa tarihi ne ko shari'a ko aikin gona, ya kamata in ɗan warware yadda abin yake. Kowane shafin intanet yana zaune ne a cikin wata babbar kwamfuta da ba ta barci, wadda ake kira saba, wasu kuma su ce uwar garke. A cikinta akwai ƙwaƙwalwa mai lissafi, watau furosesa, ita ce ke yin duk wani aiki da aka nema. Ƙarfinta yana da iyaka, kamar yadda injin niƙa na bakin kasuwa yake da iyakar tiyar da zai niƙe a awa guda. Idan aka ce aikin furosesa ya kai kashi 100 cikin 100, ana nufin ba ta da sauran numfashi, duk wanda ya zo sai ya bi layi, in layin ya yi tsawo kuma sai a fara korar mutane da saƙon kuskure, irin su lamba 503 ko 508 da muka saba gani. Mai karatu ya lura da wannan: saƙon nan daga can wurin sabar ya fito. Da sabis ne babu, ai da bai ma iso wayarka ba.

Galibin shafunan yau ba a gina su daga tushe. Ana ɗora su ne a kan wata manhaja mai tsara rubutu da hotuna, yadda ko magatakardan ofis zai iya shiga ya liƙa sanarwa ba sai ya iya yaren kwamfuta ba. Mafi shahara a cikinsu ita ce WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, kuma sama da kashi 40 cikin 100 na shafunan duniya a kanta suke. Akwai kuma Joomla da Drupal. Sauƙin nan kuwa yana da farashinsa. A irin wannan tsari, shafi ba ya nan a shirye yana jiranka. Duk sa'ad da mutum ya latsa, sai sabar ta tashi yaren PHP, ta ɗebo dukkan ƙananan manhajojin da aka liƙa wa shafin, waɗanda ake kira fulogin, ta aika tambayoyi da dama zuwa rumbun bayanai na MySQL, ta jira amsa, sa'an nan ta harhaɗa shafin ta miƙo. Wani ya latsa bayan daƙiƙa ɗaya, ta sake yin haka daga farko. Ka ɗauka kamar mai shayi ne wanda duk kofi ɗaya da aka nema sai ya hura wuta sabuwa ya ɗora ruwa. Da safe, mutum biyu ko uku, ba a gane wautarsa. Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari kuwa, kafin hantsi zai faɗi.

Bugu da ƙari, yawancin ƙananan shafuna haya suke yi a saba ɗaya tare da wasu shafuna masu ɗimbin yawa, kamar gidan haya mai famfo ɗaya. Mai gidan yana yanka wa kowa rabonsa na ƙarfin furosesa, wanda ya zarce rabonsa kuma a taka masa birki ko a rufe shi.

Abin da ya same mu a ƙungiyarmu

Da muka dawo makaranta, sai ga irin wannan cuta ta kama shafin ƙungiyarmu ta ɗalibai 'yan yankinmu, wanda wani tsohon ɗalibi ya gina a kan WordPress ya gama karatu ya tafi da saninsa. Kamfanin da muke haya a wurinsa ya aiko da wasiƙa cewa mun cinye rabonmu, ya kuma ba mu shawarar mu koma haya mafi tsada. Nan da nan aka kira taro, har an fara lissafin nawa za a ɗora wa kowane ɗalibi. Sai na tuna da mai injin niƙan unguwarmu. Idan injinsa ya canja kuka ba ya garzayawa Kano ya sayo sabo. Yakan kashe shi, ya taɓa bel, ya duba mai, ya sa hannu cikin hatsin ya ji ko jiƙaƙƙe aka kawo masa, ko kuwa tsakuwa ce ta shige. Na roƙi shugabanni su ba ni mako guda, ni da wani abokina ɗan sashen kwamfuta. Matakan da muka bi su ne zan jera, ba don in yi alfahari ba, sai don ƙaramin ma'aikaci ya san tambayoyin da zai yi wa ɗan kwangila.

Na farko, mun duba awo. Kusan kowane kamfanin haya yana da wani allo da ke nuna yadda aikin furosesa yake hawa da sauka a cikin awoyi, kuma mai cikakken iko da sabarsa yana iya buɗe manhajar top ko htop ya ga wane aiki ne ke cin ƙarfin, PHP ne ko MySQL. Tambaya mafi muhimmanci a nan ita ce yaushe. In ya hau ne a ranar da aka fitar da sunaye, to, jama'a ne. In kuwa ya hau da tsakar dare, sa'ad da duk ɗalibai suke barci, to, akwai lauje cikin naɗi. Namu da dare yake hawa.

Na biyu, mun buɗe kundin shige da fice. Kowace saba tana rubuta duk wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, da adireshinsa, da lokacin, da abin da ya nema. Wannan kundi shi ne shaidar da ba ta ƙarya, amma sai ka tarar an shekara ba wanda ya buɗe shi. Da muka karanta namu, sai muka ga akasarin masu ƙwanƙwasawa ba mutane ba ne. Wasu manhajoji ne masu yawo da kansu, waɗanda ake kira bot, suna ta gwada kalmomin sirri a ƙofar shiga ta wp-login.php da wata tsohuwar ƙofar baya mai suna xmlrpc.php, wadda ba ma amfani da ita ko kaɗan. Kowane gwaji kuwa, ko da bai yi nasara ba, sai ya tashi PHP ya taɓa rumbun bayanai. Ɓarawon da bai sami shiga ba ma ya hana mai gida barci. Wannan annoba ba ta bar manya ba. A watan Afrilu na 2025 Gidauniyar Wikimedia, mai riƙe da Wikipedia, ta bayyana cewa kashi 65 cikin 100 na zirga-zirgar da ta fi ci mata dukiya daga irin waɗannan bot ɗin take, musamman masu kwasar bayanai domin horar da ƙirƙirarriyar basira. Mu dai mun toshe ƙofar bayan, muka iyakance yawan gwajin kalmar sirri, muka sa shinge irin na Cloudflare a gaban shafin, wanda yana da tsarin kyauta.

Na uku, mun bi fulogin ɗaya bayan ɗaya. Mun kwafi shafin zuwa wani wuri dabam don kada mu ɓata na ainihi, muka kashe su duka, muka riƙa kunna ɗaya muna kallon awo. Akwai wata manhaja mai suna Query Monitor da ke nuna tambayoyi nawa kowace fulogin take aikawa da tsawon lokacin da take ci. A nan muka kama masu laifi biyu. Ɗaya ita ce mai ƙirga baƙi, wadda duk wanda ya leƙo sai ta rubuta shi a rumbun bayanai don kawai a nuna wata lamba a ƙasan shafi. Ɗayar kuwa mai jujjuya hotunan shugabanni ce, kuma ta sata ce, watau manhajar kuɗi da aka fasa aka raba kyauta. Kayan sata irin wannan ba ya samun sabuntawa, kuma sau da yawa wanda ya fasa shi yakan bar wa kansa ƙofa a ciki. Araha ba ta ado.

Na huɗu, mun duba ayyukan da shafi ke yi wa kansa. WordPress tana da agogon cikin gida mai suna wp-cron.php, wanda ba ya aiki da lokaci na gaskiya, sai dai duk sa'ad da baƙo ya shigo a duba ko akwai aikin da lokacinsa ya yi, kamar ajiye kwafin shafi ko aika wasiƙu. Sakamakon haka, aiki mai nauyi yana iya faɗowa daidai lokacin da jama'a suka fi yawa. Maganinsa shi ne a kashe wannan, a miƙa aikin ga agogon sabar kanta, a kuma mai da ajiye kwafi zuwa tsakar dare.

Na biyar, rumbun bayanai. MySQL tana iya rubuta duk tambayar da ta daɗe ba ta amsu ba. Tambayar da aka aika wa jerin sunaye marar fihirisa kamar neman saniya guda ce a kara ta Maigatari ba tare da dillali ba, sai ka bi kowace turke. Haka nan fulogin da aka cire sukan bar tarkacensu a teburin wp_options, ana ta ɗauko shi a kowace latsawa ba gaira ba dalili. Mun share, mun sa fihirisa.

Na shida, kuma shi ne ya fi kowanne tasiri, mun koya wa mai shayinmu tafasa ruwa a babbar buta. Ana kiran wannan dabara ajiyar wucin gadi: a harhaɗa shafi sau ɗaya, a ajiye shi a shirye, duk wanda ya zo a miƙa masa kwafi, har sai an canja wani abu. Sanarwa ɗaya ce mutum dubu suke son karantawa, me zai sa a gina ta sau dubu? Daga nan muka ɗaga PHP daga tsohon zubi zuwa sabo. Zubi na 7, wanda ya fito a watan Disamba na 2015, ya kusan ninka saurin na 5.6 a kan WordPress, kuma an daina yi wa 5.6 gyaran tsaro tun ƙarshen 2018, amma har yanzu akan ci karo da shafin da aka manta a kan tsohon yayi.

Abu na ƙarshe da muka tabbatar shi ne ba a riga an shige mu ba. A 2018 an gano wata babbar kafa a manhajar Drupal, kuma ɓata-gari suka bi ta nan suka dasa manhajojin haƙar kuɗin intanet a sabobin mutane. Saba irin wannan za ka gan ta a kashi 100 dare da rana, tana yi wa wani noma. Wanda ya saya mata ƙarin ƙarfi ya ƙara wa ɓarawo gona ke nan.

Kafin makon ya cika awonmu ya sauka ƙasa ya kwanta, kamfanin haya ya yi shiru, ba a karɓi ko sisin kwabo daga hannun ɗalibi ba.

Amsa ga masu ja

Na san wani zai ce, yaro man kaza, shafin ƙungiyar ɗalibai ai ba ɗaya yake da shafin da dubban mutane ke cike takarda a rana ɗaya ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan kauce mata ba. Takardar da kowa ke cikewa da sunansa da hotonsa ba ta shiga ajiyar wucin gadi, domin ta kowa dabam ce. Akwai kuma ranar da lalle sai an ƙara ƙarfin na'ura. Ban ce kada a taɓa saye ba. Cewa na yi awo ne zai faɗi lokacin saye da girman abin da za a saya. Likitan da ya rubuta tiyata tun bai auna jini ba, ko an dace an warke, ba a kira shi gwani.

Har ila yau, cunkoson ma sau da yawa mu muke ƙirƙirarsa da alƙalami. Jihar Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27. Idan aka ba su duka kwana kaɗan, aka tsai da rana ɗaya ta rufewa, aka kuma ɗora sanarwa da jerin sunaye da takardar cikewa duk a kan saba ɗaya, to, masu leƙe kawai sun isa su toshe wa masu cikewa hanya. Me zai hana a raba sanarwa daga takarda, a ajiye ta a sassauƙan shafi wanda ba ya taɓa rumbun bayanai? Me zai hana a raba kwanaki bisa masarautu, a ce na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar ga makonku, na Haɗeja ga naku, na Kazaure da Ringim da Dutse ga naku? Wannan shawara ba ta cin kuɗi, tunani kawai take ci.

Wanda yake zaton kuɗi ne maganin kowane ciwo ya dubi Amurka. Ran 1 ga watan Oktoba na 2013 gwamnatin Shugaba Barack Obama ta buɗe shafin inshorar lafiya na HealthCare.gov bayan an zuba masa miliyoyin daloli, amma a ranar farko mutum 6 kacal suka iya kammala rajista. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne an tilasta wa kowa buɗe asusu kafin ya ga farashi, sai masu kallo da masu saye suka cushe a ƙofa ɗaya. Ƙwararrun da aka gayyato ceto, ciki har da Mikey Dickerson na kamfanin Google, sun tarar babu ma allon da ke nuna wane sashe ne ke ciwo, saboda haka da kafa awo suka fara.

A gida ma muna da darasi. A watan Mayu na 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban jama'a ya amsa cewa wani kuskure wajen sabunta manhajar sabobi ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, ya nemi gafara, aka sake musu jarrabawa. Ciwon can dabam yake da wanda nake magana a kai, amma hanyar gano shi ɗaya ce: an koma an bi bayanan da na'urori suka rubuta har aka kama bakin zaren. Da an tsaya a kan cewa yaran bana ba sa karatu, da an binne haƙƙin mutum kusan dubu 380.

Wani kuma zai ce ba mu da ƙwararru. Wannan ita ce hujjar da ta fi ba ni takaici. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya mulki Jigawa daga 1999 zuwa 2007, jiharmu ta yi suna a fannin fasahar sadarwa, har aka kafa cibiyar koyar da ilmin kwamfuta a Kazaure. An buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, aka kafa ta jiha a Kafin Hausa a 2013, ga kuma Bayero a Kano kusa da mu. A 2019 ɗan Haɗeja ne, Kashifu Inuwa Abdullahi, aka naɗa shugaban hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA. Jihar da ta haifi waɗannan ba za ta rasa wanda zai karanta kundin saba ba. Abin da muka rasa shi ne al'adar kula. Mun iya bikin buɗewa da yanka kyalle, amma kasafin kulawa sai a ga kamar asara ne. Haka muke yi wa rijiyar burtsatse, haka muke yi wa motar asibiti, ga shi mun kawo halin kan intanet. Gini yana da kwangila da hoto a jarida, kulawa kuwa ba ta da ko ɗaya, shi ya sa ta zama marainiya.

Kira

Ya ku yayyena ma'aikata, ku ne kuke rubuta takardun da manya ke sa wa hannu. In an kawo muku batun sayen sabuwar saba, ina roƙonku ku nemi abu uku a maƙala wa takardar: hoton awon furosesa na aƙalla wata guda, taƙaitaccen bayanin abin da kundin shige da fice ya nuna, da jerin gyare-gyaren da aka riga aka gwada. Ɗan kwangilar kirki ba zai ji haushin wannan ba. Ku tabbata kalmomin sirri da kwafin shafi suna hannun ofis, kada su tafi da wanda ya gina shi. Ku sa a yarjejeniya cewa akwai kulawa bayan miƙa aiki, a kuma gwada shafin da cunkoson gwaji kafin ranar buɗewa. In kuwa shafi ya faɗi a cikin wa'adi, adalci shi ne a ƙara wa jama'a daidai kwanakin da ya yi a kwance, a kuma sanar ta gidan rediyo yadda mutumin Jeke da na Takatsaba za su ji.

Mu kuma ɗalibai, kada mu tsaya a koyon yi wa shafi ado. Kowa ya iya liƙa hoto mai motsi, amma kaɗan ne suke iya zama su karanta kundi layi bayan layi su ce ga inda gizo ke saƙa. Ina ba ƙungiyar ɗalibai shawara ta kafa ɗan kwamiti na sa kai da zai riƙa duba shafunan ƙungiyoyinmu sau ɗaya a kowane zango, ya rubuta abin da ya gani a littafi, ya miƙa wa na baya, don kada sani ya riƙa karɓar digiri yana tafiya.

Har yanzu ina tuna yarinyar nan ta wajajen Ɗanzomo, yadda ƙanena ya ce ta naɗe takardunta a leda ta sa a cikin hijabi ta nufi tasha. Ba ta san mene ne furosesa ba, kuma ba dole ne ta sani ba. Mu da iyayenmu suka sayar da gero da riɗi suka kawo mu jami'a, mu ne ya wajaba mu sani a madadinta. Allah Ya ba shugabanninmu kunnen sauraro, Ya ba mu ilmi mai amfani da zuciyar riƙon amana.